Shekarar da garuruwa biyu suka kashe janar-janar ɗinsu da hannunsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Don Allah ranka ya daɗe a ba ni fili a shafin wasiƙu, na san ta yi tsawo amma kar a sa mata almakashi da yawa, in ma yankewar za a yi to a yanke gaisuwar nan a bar sauran.

Abin da ya sa na zauna ina danna waya da tsakar daren nan musu ne da ya kaure a majalisarmu ta ƙofar masallaci ranar Juma'a bayan isha'i. Da rana an yi ihun ɓarawo a kasuwar unguwarmu, wai wayar wata mata ce ta ɓace, kafin ka ce kwabo an rufe wani yaro da duka, yaron da ƙyar in ya kai 17, ina tsaye a rumfar mai tumatir ina kallon silifas ɗinsa guda ɗaya a cikin kwata, bakinsa na motsi yana son ya yi magana amma ba mai saurare, har wani da ya zo wucewa da buhun gawayi a ka ya ajiye ya kai nasa marin sannan ya tambaya me ya yi. Allah ya sa da sauran kwana 'yan sintiri suka zo suka janye shi. To da daddare da na ce abin nan bai dace ba sai wani abokin zamanmu ya ce haba Malam, ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, mutum ɗari ba za su taru a kan ƙarya ba. Na ce masa akwai shekara guda a tarihi da mutum dubbai suka taru a garuruwa biyu, ba ma a kan ɗan kasuwa ba, a kan manyan kwamandojinsu, kuma duk biyun ba su ji da daɗi ba. Suka kwashe da dariya wai Malam ya fara, fansho bai raba shi da allo ba. Tunda sun ƙi bari in kai ƙarshe shi ne na ce bari in kawo maka.

Shekarar ita ce 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a tuna lissafin wancan lokacin da baya-baya yake tafiya, 406 tana gaba da 405, wannan kam ya sha rikita min ɗalibai a jarrabawa.

Bari in fara da tsibirin Sisili, wanda yanzu yake ƙarƙashin Italiya, don shi ne mutane ba su cika sani ba. A lokacin gabas da kudancin tsibirin garuruwan Girkawa ne, yamma kuma yana hannun Kartaj, wato birnin nan na Afirka da kufansa ke gefen Tunis a yau. Tsohuwar gaba ce tsakaninsu. A 480 sarkin yaƙin Kartaj mai suna Hamilkar ya kawo runduna garin Himera aka ragargaza su shi ma ya mutu a can, Kartajawa suka yi shekara 70 ba su sake ɗaga kai ba. Sai a 409 jikansa Hanibal, ba fa Hanibal mai giwaye da ya addabi Rum ba, wancan sai bayan kusan shekara 200 ya zo, wannan wani ne daban, ya ƙetaro ya rushe garin Selinus na Girkawa cikin kwana 9 ya wuce Himera ya baje ta, ya sa aka kai fursuna 3,000 daidai inda aka ce kakansa ya faɗi aka yanka su. Ramuwar gayya kenan.

A 406 suka sake dawowa, Hanibal ya tsufa har ya nemi a bar shi ya huta amma aka haɗa shi da ɗan uwansa Himilko aka ce su je tare. Rundunar yawanci sojan haya ne, daga Sifen, daga tsibiran Baliyarik masu majajjawa, daga Kamfaniya ta Italiya, ga mutanen Libiya da sauran Arewacin Afirka. Tsofaffin marubutan ma ba su daidaita kan yawansu ba, wani ya ce 120,000 wani ya ce 300,000, kai dai ka san yadda mai ba da labarin yaƙi yake ƙara gishiri. Garin da suka nufa Akragas, wanda yau ake kira Agrigento. Masu bin labarin 'yan ci-ranin da ke bi ta Agadez zuwa Libiya su hau kwale-kwale, tsibirin Lamfedusa da ake yawan ambata a rediyo a lardin Agrigento ɗin nan yake.

Ranka ya daɗe, Akragas gari ne na masu kuɗi na fitar hankali, kuma abin dariyar da Kartaj ɗin suka yi kuɗin, su suke sayar mata da man zaitun. Diyodoras, wani marubucin tarihi ɗan Sisili, ya ce mazauna garin da baƙi sun kai 200,000. Akwai wani attajiri Teliyas da yake ajiye bayi a ƙofar gida aikinsu kawai su kira duk baƙon da suka gani ya shigo ya ci ya kwana, wata rana cikin hunturu mahaya 500 suka iso daga garin Gela da ke gabas da su ya sauke su duka ya kuma ba kowa riga da mayafi. Wani ɗan garin ya ci tseren Olimfik aka shigo da shi gari da rakiyar keken doki 300 duk fararen dawakai. Har kushewa suke gina wa dawakin sukuwa da tsuntsayen da yara ke kiwo a gida. Amma wanda ya fi ba ni dariya duk lokacin da na tuna, ana tsakiyar yaƙi abokan gaba sun yi wa gari zobe, sai da hukuma ta kafa doka cewa duk mai gadin ganuwa da dare kar ya zo da abin da ya wuce katifa ɗaya, bargo ɗaya, buzu ɗaya da filo biyu. Filo biyu fa! Wannan shi ne matsin da aka yi masu, to ka auna da nawa suke zuwa kafin dokar.

Kartajawa da suka iso sun fara da tayi, ku zama abokanmu ko kuma ku tsaya gefe ba ku ba birnin Sirakus da muke yaƙi da shi, mutanen Akragas suka ce ba sa yi. Aka fara yaƙi. Suka gina hasumiyoyin katako suka turo jikin ganuwa, 'yan gari suka fito da dare suka banka masu wuta. Sai Hanibal ya ce a rushe kaburburan da ke bayan gari a yi tudu da duwatsun a kai tsawon ganuwa, ana cikin haka tsawa ta faɗa kan kabarin Teron tsohon sarkin garin, ba a jima ba annoba ta ɓarke a sansanin, sojoji na ta mutuwa masu gadi na cewa suna ganin fatalwa da dare, shi kansa Hanibal annobar ce ta tafi da shi. Himilko ya hana taɓa kaburbura, kuma a cewar Diyodoras ya yanka yaro ya miƙa wa gunkinsu ya kuma zuba dabbobi a teku. A nan sai mutum ya yi hattara, don duk abin da muke karantawa game da Kartaj daga bakin maƙiyanta ya fito, Rumawa sun ƙone birnin a 146 littattafansu suka watse, saboda haka kullum ɓangare ɗaya muke ji. Wato su ma an yanke masu hukunci ba a ji ta bakinsu ba, amma wannan wasiƙar wata rana ce.

To ga inda nake son zuwa. Sirakus, babban birnin Girkawan tsibirin, ta turo ɗauki ƙarƙashin wani janar Dafnayos, sojan ƙasa 30,000 da mahaya 5,000 har da mutanen Gela da Kamarina da Girkawan kudancin Italiya. Suka gamu da wani ɓangare na rundunar Kartaj a hanya suka fatattake su, aka kashe sama da 6,000, sauran suka runtumo da gudu ta gindin ganuwar Akragas za su koma sansaninsu. Sojojin da ke kan ganuwa suna kallo suka yi ta roƙon kwamandojinsu a buɗe ƙofa mu fita mu ƙarasa su, kwamandojin suka ce a'a. Me ya sa? Mai hankali zai iya cewa tsoro suka ji kar a fita a bar gari fayau Himilko ya zagayo da babbar rundunar da ba ta ko motsa ba ya shige, kuma irin haka ta taɓa faruwa a Himera shekara 3 kacal da suka wuce, an fita an bi abokan gaba an watse sai aka juyo masu. Amma a ranar ba wanda yake son jin wannan. Nan take aka yi taro a fili, kowa na ihu, wani kwamanda daga Kamarina mai suna Menes ya miƙe ya ce cin hanci suka karɓa, an saye su. Janar-janar ɗin suka yi ƙoƙarin magana aka hana su, aka ɗebi duwatsu aka jefe huɗu daga cikin biyar har lahira, na biyar ɗin Argiyos ƙuruciyarsa ce ta cece shi.

Shi kenan, an huce. Sai me ya biyo baya? Da farko kamar abin zai yi kyau don yunwa ta kama sansanin Kartaj har sojan haya suka yi wa tantin Himilko cincirindo suna neman abinci, ya roƙe su su ƙara masa kwanaki kaɗan ya ba su kofunan sha na sojojin Kartaj jingina. Ashe ya samu labarin ayarin jiragen hatsi na tahowa daga Sirakus, ya kira jiragen yaƙi 40 daga Motiya da Fanormos, wato Falermo ta yau, suka yi kwanton ɓauna suka nutsar da 8 suka kwashe hatsin duka. Reshe ya juye da mujiya. Mutanen Akragas da ma ba su yi tattalin abinci ba don sun ɗauka an kusa gamawa, sojan hayar da ke ɓangarensu aka ba su talanti 15 suka sauya sheƙa, talanti ɗaya azurfa ce wajen kilo 26, sannan wani kwamanda ɗan birnin Sifarta na ƙasar Girka da ke taimakonsu Deksifos shi ma aka fara raɗe-raɗin an ba shi nasa, sauran ƙawaye kowa ya ce wa'adinsa ya cika ya kama hanya. Ga shi manyan da suka san kan tsaron garin an riga an jefe su. Bayan wata 8, ana dab da tsakiyar hunturu, aka ce kowa ya fita cikin dare. Ka ƙiyasta mutanen da filo biyu ya yi wa kaɗan, mata da yara da 'yan matan da ba su taɓa taka ƙasa da nisa ba, a ƙafa cikin sanyi zuwa Gela tafiyar wajen kilomita 70, an bar tsofaffi da marasa lafiya a gida. Da gari ya waye Himilko ya shiga ya kashe waɗanda ya tarar har waɗanda suka fake a ɗakunan bauta. Teliyas mai saukar baƙi ya ƙi gudu, ya shiga ɗakin bautar gunkiyarsu Atena da ya ga ba tsira ya cinna wuta ya ƙone da shi da dukiyar da ke ciki.

Yanzu mu tsallaka gabas, Atina ta ƙasar Girka, garin da ake ce mana can aka haifi dimokuraɗiyya, a wannan shekarar dai. Su kuma shekararsu 25 kenan suna gwabzawa da Sifarta tun 431, sun gaji baitulmali ya bushe har gumakan zinariya suka narkar suka buga kuɗi. Sifarta ta samu sabon kwamandan ruwa Kalikratidas, ya tara jirage 170 ya ritsa janar ɗin Atina mai suna Konon a tashar Mitilini ta tsibirin Lesbos ya toshe shi. Da labari ya kai gida mutanen Atina suka yi abin da ba a taɓa gani ba, cikin kwana 30 suka haɗa jirage 110, duk wanda ya isa riƙe filafili aka zuba shi, talaka da mai doki har bayi aka ce ku shiga za a 'yanta ku. Da gudummawar ƙawaye suka haura 150. Jirgin yaƙinsu dogo ne siriri, matuƙa 170 a jere hawa uku, da sauran ma'aikata mutum 200 kenan, a goshinsa akwai ƙahon tagulla da ake sokar jirgin abokin gaba da shi, kuma aiki ne na gwaninta, su kuwa waɗannan yawanci sababbin hannu ne.

Aka haɗu a wajen wasu ƙananan tsibirai da ake kira Arginusa, gaɓar Turkiyya ta yau. Kalikratidas ya bar jirage 50 suna tsare Konon ya zo da 120. Matuƙin jirginsa ya ce masa ranka ya daɗe sun fi mu yawa mu ja da baya, ya ce in ya mutu Sifarta ba abin da zai rage ta amma gudu abin kunya ne. Haka kuwa aka yi, jirginsa ya soki wani ya faɗa ruwa ba a sake ganinsa ba. Ɓangaren Sifarta suka yi asarar jirage wajen 70, Atina 25. Nasara ce babba, bayi da 'yan koyo sun ceci gari.

Sai dai ga jirage sun farfashe mutane na ta iyo suna riƙe da katako. Janar-janar 8 da suka jagoranci yaƙin suka zauna, wani ya ce duk mu tsaya mu kwashi mutanenmu, wani ya ce duk mu bi jirage 50 ɗin can kafin su sulale, na uku ya ce a raba. Aka ware jirage 47 aka ba wasu kyaftin biyu, Teramenes da Tirasibulos, su yi aikin ceto, sauran su tafi Mitilini. Kafin a motsa iska ta taso da hadari, ba wanda ya iya fita, na ruwa suka nutse ko gawarsu ba a samu ba. Su kuma Girkawa rashin binne gawa babban abu ne a wurinsu, kamar yadda yake a wurinmu.

Murna ta koma ciki. Aka tuɓe janar-janar ɗin duka aka ce su dawo gida, biyu suka sha jinin jikinsu suka ƙi dawowa, shida suka dawo, cikinsu har da Ferikilis ɗan babban Ferikilis da ya gina darajar garin. Kuma ka san wa ya fi kowa zaƙewa wajen zarginsu? Teramenes, wanda shi aka ba aikin ceton, don ya san in bai tura wutar gaba ba kansa za ta ci. A zaman farko an ba su dama kaɗan suka yi bayani suka kawo shaidu cewa hadari ne, har jama'a sun fara sassautowa, sai duhu ya yi ba a iya ƙirga hannu aka ɗage zama. Kaico, da an yi ƙuri'ar a daren. Tsakanin nan sai wani bikin dangi da suke yi duk shekara ya zo, iyalai suka taru kowa ya ga gurbin wanda babu, aka yi ta shigowa taro da baƙaƙen kaya da kai a aske, Zenofon wanda ya rayu a zamanin ya ce wasu ma shirya su aka yi su zo a matsayin dangin mamata. Irin hayar masu zanga-zanga ba yau aka fara ba.

A zama na biyu wani ɗan majalisa Kaliksenos ya kawo ƙudiri cewa an riga an ji komai, ba sauran magana, a ajiye tulu biyu kowa ya jefa ƙuri'arsa, kuma ƙuri'a ɗaya ce a kan su takwas ɗin gaba ɗaya, in sun faɗi kisa da ƙwace dukiya. Sai wani mutum ya miƙe ya ce shi yana cikin waɗanda jirginsu ya fashe, gangar zuba gari ya rungume ya tsira, kuma wai waɗanda ke nutsewa sun ba shi saƙo in ya kai gida ya gaya wa jama'a janar-janar sun ƙi ceton waɗanda suka yi wa ƙasa bajinta. Kai ka san bayan wannan ba mai sauraren doka. Wani mai suna Yuriftolemos ya ce jama'a wannan ya saɓa wa tsarinmu, kowane mutum shari'arsa daban kuma a ba shi lokaci ya kare kansa. Taro ya ɗau ihu, wai abin kunya ne a hana jama'a yin abin da suke so, wani ma ya ce duk mai ja a haɗa shi da su a ƙuri'a ɗaya. Kwamitin mutum 50 da ke jan ragamar zaman, waɗanda da farko wasunsu suka ƙi sa ƙudirin a ƙuri'a, duk suka tsorata suka janye in ban da mutum ɗaya, Sokratis masanin falsafa, wanda malamanmu suka sani a littattafan Larabci da Suƙraɗ, ƙuri'a ce ta faɗa kansa ya zama ɗan kwamitin a lokacin, ya ce shi ba zai yi abin da ya saɓa doka ba. Aka bi ta kansa aka wuce.

Abin da ya fi ci min rai, Yuriftolemos ya sake miƙewa ya yi dogon jawabi ya roƙe su ko kwana ɗaya a ba kowa, ya tuna masu cewa ɗaya daga cikin waɗanda za su kashe shi ma jirginsa ya nutse da ƙyar aka tsamo shi, aka ɗaga hannu kuma shawararsa ta yi rinjaye, wallahi ta yi rinjaye, sai wani ya ce bai yarda da ƙirgen ba a sake, aka sake sai ta faɗi. Tsakanin rai da mutuwar mutum shida sake ɗaga hannu ne kawai. Aka kashe su. Diyomedon, wanda shi ne ma ya ce duk rundunar ta tsaya ceto, da za a tafi da shi abin da ya ce kawai shi ne a taimaka a cika alwashin da suka yi wa allolinsu kafin yaƙi tunda su ba su samu dama ba.

Ba a daɗe ba mutanen Atina suka fara cizon yatsa, suka ce yaudararmu aka yi, aka kama waɗanda suka zuga su, Kaliksenos ya tsere daga baya ya dawo ba mai yi masa magana har yunwa ta kashe shi. Kullum haka ne, taro ba ya cewa mu muka yi, sai dai a nemo wanda ya sa mu. A shekara ta gaba 405 Lisanda na Sifarta ya tarar da rundunar ruwan Atina a Egosfotami an ja jirage gaɓa sojoji sun bazu neman abinci, ya kwashe wajen 170 kusan ba tare da yaƙi ba, Konon ne ya tsira da 'yan ƙalilan. A 404 yunwa ta sa Atina ta miƙa wuya aka rushe ganuwarta. Ba zan ce da shidan nan na raye da ba a ci su ba, amma garin da ke da ƙarancin gwanaye ya kashe shida ya kori biyu, kuma duk wanda ya gaje su ya san ko ya ci yaƙi kansa bai tsira ba.

To wa ya ci ribar wannan fushi duka? Mu koma Sisili. Da 'yan gudun hijirar Akragas suka cika ko'ina aka yi taro a Sirakus kowa ya yi tsit don tsoro, sai wani matashi ɗan shekara 25 da ya taɓa aikin akawu, Diyonisiyas, ya miƙe ya ce janar-janar ɗinmu ne suka sayar da Akragas, kar ma a jira shari'a a hukunta su yanzu. Shugabannin zaman suka ci shi tara don tada hankali, wani mai kuɗi Filistos ya biya ya ce masa ci gaba, in sun ga dama su yi ta cin ka tara har yamma ni zan biya. Aka tuɓe tsofaffin aka zaɓi sababbi har da shi, ya juya kan abokan aikinsa su ma ya ce maciya amana ne aka ba shi iko shi kaɗai, sannan ya je garin Liyontini da ke kusa da Sirakus ya shirya wasan kwaikwayo da dare wai an kawo masa hari, jama'a suka ba shi dogarai 600 ya mai da su sama da 1,000. Dafnayos da ya ci Kartajawa a fili shi ma kashe shi ya sa aka yi. Kuma da ya fita kare Gela shi ma kasawa ya yi, ya kwashe mutanen Gela da Kamarina suka bar garuruwansu kamar dai na Akragas, wato laifin da ya hau mulki a kansa, sai dai shi ba mai iya jifansa don yana da dogarai. Ya yi sulhu da Himilko a 405, ya zauna kan mutanen Sirakus shekara 38 har ya mutu a 367.

Da na kai nan a majalisa, don daga baya sun ɗan saurara, abokin nawa ya ce to Malam ka tabbata janar-janar ɗin Akragas ba su karɓi kuɗin ba? Na ce ai tambayar kenan da ya kamata a yi masu suna numfashi. Kartajawa suna sayen mutane, mun gani a labarin, zai yiwu an saye su zai yiwu kuma su ne kaɗai masu hankali a kan ganuwar ranar, duwatsun sun binne amsar tare da su. Ya ce to yaron kasuwa fa, na ce shi dai yana nan da rai, ka je ka tambaye shi.

Roƙona gare ka Edita, ko sau ɗaya a wata a riƙa ba tarihin duniya ɗan gurbi a jaridar nan da Hausa, ba sai na Turawan mulkin mallaka da na sarakunanmu kaɗai ba, yaranmu sun san sunan 'yan ƙwallon Sifen da Italiya kaf amma ka ce masu wani birni na Afirka ya taɓa riƙe rabin Sisili sai su ce ƙarya ne. In an ba ni dama wasiƙa ta gaba a kan ƙarshen Himilko zan yi, yadda annoba ta sake cin rundunarsa a ƙofar Sirakus bayan shekara 10 da abin da ya yi wa kansa da ya koma gida. Cajina ya kusa ƙarewa kuma ba a kawo wuta ba.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi mai cin fansho, daga Zariya